Fitila ta Uku a Akwatin Yuldosh

A bayan kwamfutata, daidai inda igiyar intanet take shiga, akwai wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. In ta kawo kore, akwai layi. In ba ta kawo ba, babu. Shekara goma sha biyar ban taɓa leƙa ta ba, sai a kakar bara na wayi gari ina durƙusa mata kowace safiya kamar mai neman gafara.

Abin ya faro ne a tsakiyar Oktoba. In kunna kwamfuta da ƙarfe takwas saura kwata, in tarar da fitilar a mace. Wata rana ta farfaɗo bayan minti biyar, wata rana sai takwas da rabi, wata rana har tara ta gota. Da zarar ta kawo kuma, shi ke nan, layi lafiya ƙalau har azahar, lokacin da nake kashewa in tafi rumfata a kasuwar Fargona, inda nake gyaran keken ɗinki da dutsen guga.

Da a ce labarai kawai nake karantawa, da ban damu ba. Amma ƙarfe takwas na safe a nan shi ne sha biyun rana a Koriya, lokacin da ake ba 'yata Munisa hutun minti ashirin a masana'antar da take aiki. Ranar da za ta tafi ban raka ta filin jirgi ba, domin ban yarda da tafiyar ba. Shekara uku muka yi ba wanda ya ji muryar wani. A watan Satumba ita ta fara kira, ba ni ba. Wayar hannuna ta maɓallai ce, ba ta nuna fuska, saboda haka kwamfutar nan ce kawai ƙofar da ke tsakaninmu.

Wata Talata fitilar ta kawo da takwas da minti goma sha huɗu. Munisa ta fito a allo da hular aiki a kanta, tana cin wani abu da 'yan sanduna.

"Sau huɗu ke nan, Baba."

"Layin ne, wallahi. Da safe sai ya..."

"Layi. Kai da ka tayar da rediyon kaka bayan ya kwana a ruwa? Duk unguwa ana kawo maka matattun kaya kana tayar da su, amma igiya guda ta gagare ka?"

"Ina kan dubawa."

"In ba ka so in riƙa kira, ka faɗa kawai. Ka iya shiru ai, na san ka." Ta ajiye sandunan. "In na ƙara kira na ji wayam, ba zan sake ba. Na gaji da zama a kan matakala ina kallon fuskata a waya."

Aka buga ƙararrawa a can wajensu, ta tafi.

Ban yi makarantar komai ba. Abin da na iya, a gindin tebur na koye shi, da littattafan da wasu suka zubar. Ƙa'idata guda ce: ka canza abu ɗaya, ka jira, ka gani. Na yanke kan igiyar na matse sabo da filaya. Washegari fitila a mace. Na hana kwamfutar irin barcin da take yi maimakon ta mutu sosai, domin na karanta cewa wani lokaci takan farka ta manta da layinta. Ba canji. Na sayo wani tsohon katin layi a kasuwa na dasa mata. Sabuwar fitila, mutuwa iri ɗaya. Daga ƙarshe na ari ƙaramar kwamfutar mai rumfar da ke kusa da tawa, na jona mata igiyar da sassafe. Ita ma shiru, sai takwas da ashirin ta kama.

To, laifin ba a ɗakina yake ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yanayin zuwan layin. Lalacewar ƙarfe tana da tsari: zafi, sanyi, laima. Wannan kuwa ba ya bin ko ɗaya. Ranar Juma'a da wuri yake zuwa. Ranar da aka yi ruwa sai ya makara. Ya yi kama da mutum, ba na'ura ba.

Na bi igiyar. Daga tagata a hawa na ɗaya take fita, ta hau jikin bene tana bin bututun ruwan sama, an ɗaure ta da guntayen waya kowane taku biyu, kowane ƙulli da jelarsa a lanƙwashe zuwa hagu. Na san hannun. Ta wuce hawa na biyu da na uku, ta shige ta gefen wata taga a hawa na huɗu. Tagar Yuldosh-amaki ce, wato baffa Yuldosh, wanda muka binne kwana ashirin da biyar kafin ranar.

Shi ne ya jawo wa beninmu intanet tun ba a san shi ba. Layi guda ya karɓo daga kamfani, ya sa akwatin rarrabawa a ɗakinsa, ya sakar wa kowane gida igiya. Daga baya mutane suka koma sabon layi ɗaya bayan ɗaya. Ni ban koma ba, don nawa bai taɓa ba ni matsala ba, har na manta ta inda yake biyowa.

Matarsa Hosiyat-hola, wato inna Hosiyat, ta buɗe mini ƙofa cikin shuɗiyar rigar takaba. Gidan yana ƙamshin soyayyen mai. An rufe madubin zaure da farin ƙyalle, talabijin ma haka. Na yi addu'a, muka shafa, ta zuba mini shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, ta gutsura gurasa ta tura gabana.

"Ergashjon, ka rame. Wa yake maka girki, filaya?"

"Ina ci, hola."

"Kana ci. Wuyanka kamar na kazar da aka fige. Me ya hawo da kai?"

Na gaya mata. Ta tashi da ƙyar, tana dafa bango, ta kai ni ɗakinsa.

Ba a taɓa komai ba. Tabaransa na kan tebur, silifas ɗinsa a gefen gado. Kwamfutarsa tana lulluɓe da farin ƙyalle, igiyar wutarta an naɗe an rataye a ƙusa. A kan wata kanta a jikin bango akwai akwatin, baƙi, mai girman littafi, da ramuka takwas. Igiya uku ce kawai a jikinsa: wadda ta shigo daga kamfani, da tawa, da ta kwamfutarsa. Fitila biyu suna ƙyaftawa. Ta ukun, ta kwamfutar da ba wuta, a mace take, kamar yadda ya kamata.

A ƙasa kusa da gado akwai wata 'yar fitilar tebur. Soket guda ne a ɗakin.

"Da magariba nake cire akwatin in jona masa fitila," in ji ta. "Kwana arba'in yana zuwa duba gidansa, ka sani. Ba zai tarar da ɗakinsa da duhu ba. Da can ta mai nake kunnawa, amma hannuna rawa yake, kar in ƙona bene. In gari ya waye sai in kashe in mayar da akwatin. Ya ce mini, Hosiyat, kome za ki cire a gidan nan ki cire, ban da wannan, mutane na jira."

"Ƙarfe nawa kike mayarwa?"

"In ya tafi."

Ta dubi gadon, ta ci gaba.

"Wata rana da wuri yake tafiya. Wata rana sai ya zauna. Zan kore shi ne?"

Na ce abin mai sauƙi ne. Zan kawo soket mai baki biyu, fitila ta kwana a kunne, akwati ma ya kwana a kunne.

"A'a." Ba ta ko bari na ƙarasa ba. "Shekara ashirin ina kallon ƙeyar mutumin nan. In kawo abinci, yana gaban akwati. In ce Yuldosh, an yi baƙi, ya ce bari, hawa na biyu ba su da layi. Yanzu da ya zo ya tarar akwatin a kashe, ni yake kallo. Ka kunna masa shi ya dawo ya ba ni baya? Kwana goma sha biyar suka rage. Ku yi haƙuri, kai da sauran."

Ban gaya mata babu sauran ba. Ban gaya mata zancen Munisa ba kuma. Na sha tambayar kaina dalili. Ina jin kunya ce: namiji mai shekara hamsin da bakwai ya tsaya gaban mai takaba ya ce 'yarsa ba ta yarda da maganarsa. Da na faɗa, wataƙila da ta ce za ta riƙa jonawa kafin takwas. Wataƙila kuma da ta riƙa sallamar mijinta da wuri saboda ni, wannan ma ban san ko ina da haƙƙin nema ba.

Akwai hanya ta uku, kuma tun ina tsaye a ɗakin na gan ta. Tunda ni kaɗai na rage, ba na bukatar akwatin. Akwai wani ɗan mahaɗi na roba, bai kai ɗan yatsa ba, mai rami a kowane gefe. A zare igiyar kamfani da tawa daga akwati, a haɗa su baki da baki, shi ke nan. Ba ya cin wuta, ba ya ƙyaftawa. Sai dai kafin arba'in ba a motsa kayan mamaci, kuma na san ba za ta yarda ba.

Kwana biyu ina juya abin. Wa zan cuta? Fitilarta za ta kwana a kunne. Akwatinta zai kwana a kashe. Da safe ta jona shi, ta cika umarnin mijinta, hankalinta kwance. Abin da zai canza kawai shi ne za ta riƙa jona akwatin da ba kowa a bayansa. Na ce wa kaina ƙaryar da ba ta rage wa kowa komai ba ƙarya ba ce. Ban gamsu ba, amma na sayi mahaɗin.

Kowa a benen ya san Yuldosh yana ajiye makulli a cikin akwatin mita, bayan wayoyi, domin in layi ya tsaya ba ya gida a shiga a kashe a kunna. Ranar Alhamis da hantsi Hosiyat-hola ta fita sayen gari da mai, don soya abin da ake soyawa ƙamshinsa ya kai ga mamata. Na ga fitarta ta taga. Na hau.

Minti biyu aikin ya ɗauka. Na zare igiyoyin biyu, na haɗa, na tura mahaɗin bayan kantar. Don kada ta ga ramukan a wofi, na cusa wasu guntayen igiya da ba su zuwa ko'ina, na karkatar da fuskar akwatin zuwa bango. Duk lokacin nan bayana na wajen gadon, kuma ban waiwaya ba. Ba abin da na ji, ba abin da na gani. Kawai dai irin nauyin nan ne da mutum yake ji a wuya in yana aiki mai aikin na tsaye a kansa.

Washegari fitilar bayan kwamfutata ta kawo tun kafin allo ya gama buɗewa. Haka jibi, haka gata. Kwana goma sha ɗaya muna magana da Munisa kowace safiya. Ta nuna mini ɗakin da suke kwana su huɗu. Ta ce na tsufa. Ta tambaye ni ko bishiyar rumman ta bayan bene tana nan, na ce tana nan, ta ce in ajiye mata guda biyu, wai ko za ta zo. Ban sake hawa na huɗu ba. A da, ko ban sani ba, kowace safiya ina samun labarin cewa tsohuwar ta tashi. Yanzu ba na samu, kuma ban lura na daina samu ba.

Ranar kwana talatin da tara na kunna kwamfuta da takwas saura kwata. Fitila a mace.

Na durƙusa na zare igiyar na mayar. Na kashe na kunna. Takwas saura goma. Na ce kamfani ne, ko mahaɗin ya saki, irin na arha ne. Akwai abu biyar da zan iya gwadawa a ɗakina, kowanne minti biyu, kuma hankali ya ce a nan zan tsaya, domin layina ba shi da sauran alaƙa da hannun Hosiyat-hola. Ni na raba su da kaina.

Takwas saura biyar na tsinci kaina a matakala.

Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na kira ta. Sai na ji wani abu daga ciki, ba magana ba, kamar ana jan tabarma. Na laluba akwatin mita na ɗauko makullin.

Tana kwance a ƙasan ɗakinsa, tsakanin gado da soket, ƙafarta ɗaya a juye yadda ƙafa ba ta juyawa. Leɓɓanta sun bushe. Fitilar tebur tana ci a gefen kanta, cikin hasken safiya. Tun magaribar jiya take wurin: ta sunkuya ta jona fitilar, ta zo miƙewa, ƙugu ya tafi.

"Ka daɗe," in ji ta.

Na kira motar asibiti. Na jiƙa ƙyalle na goga mata a baki, na rufe ta da bargo. Agogon bangonsu ya buga takwas ina riƙe da hannunta. Na san a daidai lokacin akwai wata zaune a kan matakala a wata ƙasa tana kallon fuskarta a waya.

Sai na ɗaga kai na dubi kantar.

An juyo da fuskar akwatin. Igiyar kamfani tana raminta na farko, tawa tana na biyu, yadda suke tun asali. Guntayen da na cusa an naɗe su wuri guda, an ɗaure da 'yar waya, jelar ƙullin a lanƙwashe zuwa hagu. Mahaɗina kuwa yana kan tebur, a tsakiyar farin ƙyallen, kusa da tabarau.

"Hola, ke kika mayar da igiyoyin nan?"

Ta buɗe ido ta dube ni, sannan ta dubi kantar.

"Ba ya son a taɓa masa aiki," ta ce. "Ka san shi ai."

Na yi ta tunanin wannan amsa. Mai yiwuwa jiya da rana ta gano abin da na yi, ta gyara, ta ƙi faɗa don kada ta kunyata ni. Shekara ashirin tana kallonsa, za ta iya sanin ƙullinsa. Amma kan igiyar nan yana da ɗan harshe na roba da sai an danne shi da ƙarfi yake fita, ita kuwa yatsunta ko maɓallin riga ba sa iya sakawa. Kantar ma ta fi tsayinta.

Da za a ɗauke ta, ta riƙe hannun rigata.

"Saura dare ɗaya, Ergashjon. Kar ya zo ya tarar da duhu."

Na dawo daga asibiti bayan azahar. Na hau na cire fitilar na jona akwatin, na sauko na rubuta wa Munisa. Na fara da cewa layi ne, sai na goge. Na rubuta mata komai: fitilar, da makullin, da mahaɗin, da yadda na shiga gidan mai takaba kamar ɓarawo don na kasa buɗe baki in ce ina tsoron kada 'yata ta daina kirana. Ba ta amsa ba. Da magariba na hau na cire akwatin, na jona fitilar, na ja ƙofa.

Safiyar arba'in, takwas saura ashirin, na sake hawa. Na tsaya a bakin ɗakin. Ban san yadda ake gane ya tafi ba. Na yi sallama, na jira kaɗan, na ce, "Amaki, ka yi haƙuri, ƙarfe takwas ake kirana." Na zare fitilar na jona akwatin.

Fitilar farko ta kama. Ta biyu ta kama. Sannan ta uku ta kama, kore, tana ƙyaftawa da sauri, irin ƙyaftawar layin da ake aiki a kansa.

Na dubi ƙusa. Igiyar wutar kwamfutarsa tana nan a naɗe. Farin ƙyallen bai motsa ba. Taku biyu ne tsakanina da shi, kuma ni mutum ne da bai taɓa barin na'ura ba tare da ya buɗe cikinta ba. Ban ɗaga ƙyallen ba. Na fita na kulle, na mayar da makulli a akwatin mita.

A ɗakina fitilar tana kore. Takwas ta buga. Takwas da biyu. Takwas da biyar. Na zauna hannuwana a kan gwiwa, ba abin da ya rage da zan canza in jira in gani.

Takwas da bakwai ta kira.

"Ɓarawon makulli," in ji Munisa. Idonta ya yi ja. "Yaya hola?"

"An yi mata aiki. Ɗanta yana hanya daga Tashkent."

"Ka kunna masa fitilar?"

"Na kunna."

Ta kalle ni. "Jiya na rantse ba zan sake kira ba. Sai na karanta. Ka san wannan ne karo na farko da ka rubuto mini abu kai ne mai laifi a ciki?"

"Na sani."

"To. Rumman ɗina fa, ka ajiye?"

Hosiyat-hola tana Tashkent yanzu a wurin ɗanta, ta bar mini makullin. Arba'in ta wuce, ba a ƙara kunna fitilar tebur ba, akwatin yana jone dare da rana, layina bai sake yankewa ba. Mahaɗin yana nan kan tebur inda aka ajiye shi. Ranar Alhamis nakan hau in buɗe tagogi iska ta shiga. Kafin in shiga ɗakin nakan yi sallama, kuma ba na duban kantar.